Tafiyar Baban Ɗalibina

Na daɗe ina koyar da Faransanci da adabinsa a wata kwaleji a nan Gombe, kuma babu shekarar da ban ce ita ce ta ƙarshe ba. Ni mutum ne da zama wuri ɗaya yake yi wa wuya. Ko a aji ba na iya tsayawa gaban allo, daga ƙofa zuwa taga nake ta kai da kawowa har ɗalibai su gaji da juya wuya. Matata takan ce da tafiyar da nake yi a aji ta miƙe, da tuni na isa Faransar.

Abin da ke hana ni sakat shi ne ɗaliban. Yawancinsu ba Faransanci suka nema ba. Wani fannin suka so, aka ce ya cika, sai aka turo mana su. Suna zaune suna kallona kamar masu jiran mota a tasha. Sai can ba a rasa ba ake samun ɗaya wanda harshen ya shiga ransa, to shi ne yake riƙe ni wata shekarar.

A shekarar da nake ba da labari, wanda ya riƙe ni wani saurayi ne ɗan unguwar Jekadafari, siriri, mai kunya, ɗan wani tsohon tela. Abin da ya ji sau ɗaya ya zauna masa. In ya karanta waƙa a aji har ni nakan daina zirga-zirga in saurara. Na riga na gama tsara masa rayuwa a raina ba tare da na tambaye shi ba: zai gama, ya ƙaro karatu, ya dawo ya karɓe ni, ni kuma in samu in tafi.

Al'adar sashenmu ce duk ƙarshen shekara mu shirya wasan kwaikwayo da Faransanci, mu gayyaci iyaye. Tunda ba sa jin harshen, dole jiki ya yi rabin maganar. Na zaɓi wani tsohon wasan barkwanci na wani dattijo mai faɗa da ya addabi mutanen gidansa, na ba saurayin nan matsayin dattijon. A wajen gwaji kalmomin suna fita tsaf, amma yana tsaye ƙiƙam kamar turken wutar lantarki. Raina ya ɓaci.

"Wannan ba dattijo ba ne," na ce masa. "Babu tsoho a unguwarku? Je ka zauna ka kalle shi. Yadda yake tashi, yadda yake zama, abin da yake yi da hannunsa in ransa ya ɓaci. Ka kawo mini shi nan."

Abin da nake gaya wa kowane ɗalibi ke nan, kuma yana aiki. Da ya dawo gwaji na gaba sai ga dattijo sosai. Yana jan ƙafar hagu. Kafin ya yi magana sai ya yi gyaran murya, ya tura hula ƙeya, ya kai yatsu biyu baki ya jiƙa kamar mai shirin zura zare a allura, sannan ya nuna mutum. Muka yi ta dariya har da riƙe ciki. Na dafa kafaɗarsa na ce ya gama da ni. Ban tambaye shi wane tsoho ya kalla ba.

Ranar wasa ɗakin taro ya cika. Mahaifinsa ya zo da maƙwabta da yaran shagonsa, suka zauna a gaba, shi yana sanye da farar riga da ta sha guga. Da farko dariyar irin wadda na saba ji ce. Can sai ta canza, ta koma tana tasowa daga ɓangaren mutanen Jekadafari kaɗai, kuma ba dandamali suke kallo ba, waige suke yi. Na ji wani matashi yana cewa, "Wallahi Baba ne, sak." Ni kuwa ina gefe ina murna wasa ya karɓu.

Sai tsohon telan ya miƙe. Ya yi gyaran murya, ya tura hularsa ƙeya, ya nufi ƙofa yana jan ƙafar hagu. A daidai lokacin ɗansa yana kan dandamali yana jan tasa. Ɗakin ya yi tsit. Yaron ya ƙarasa maganarsa da kyar, aka rufe labule.

Bai zo aji a makon da ya biyo ba, haka na bayansa. Waya tana shiga ba a ɗauka. Jarabawa ta ƙarato, kuma in bai zauna ba shekarar ta tafi, wataƙila da karatun duka. Na kasa cin abinci a zaune. In na shiga aji idona na kan kujerarsa, in yi wa sauran faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Da na ga zan haukata gidana, sai wata rana bayan la'asar na hau keke napep na nufi Jekadafari, ina ta shirya yadda zan roƙi uban ya bar shi ya dawo.

Shagon a zauren gidansu yake. Na tarar da tsohon a kan keken ɗinki. Muka gaisa, ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo ruwa. Na fara jawabin da na haddace, cewa wasa ne kawai, cewa laifin nawa ne tunda ni na tura shi. Ya ɗaga hannu.

"Malam, ni ban hana shi makaranta ba. Shi ya hana kansa. Tun ranar ko ido ba ya yarda mu haɗa."

Duk abin da na zo da shi bai da wurin zama.

"Ban ji ko kalma ɗaya a cikin abin da suka faɗa ba," ya ce, "amma na gane wanda ake yi wa dariya." Ya murza wani guntun zare. "Tambaya ɗaya zan yi maka, tunda kai baƙo ne, ba za ka ji nauyina kamar mutanen gida ba. Tsakaninka da Allah, haka nake tafiya?"

Na so in ce yaro ya ƙara gishiri. Amma mutumin ya haɗa ni da Allah, kuma yana kallona.

"Haka ne, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Shekara da shekaru babu wanda ya gaya mini. Ashe kowa ya sani." Hannunsa ya tashi zai kai ga hula, sai ya tsaya a hanya, ya mayar da shi kan gwiwa. Ya kira ɗan nasa daga cikin gida. Yaron ya fito ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Malaminka ya tako har nan," uban ya ce. "Gobe ka koma."

Buƙatata ta biya, ya kamata in ji daɗi. Na yi sallama, tsohon ya ce sai ya raka ni bakin titi. Na ce ya yi zamansa, ya ƙi. Muna tafe a lungu na lura ba na jin ƙarar takalminsa a ƙasa. Ɗaga ƙafar hagun yake yi, yana ajiye ta a hankali, gumi na tsattsafo masa a goshi. Yaran unguwa suna gaishe shi yana amsawa ba tare da gyaran murya ba. Ni da ban iya tafiya a hankali ba, ranar na rage sauri har muka isa titi.

Yaron ya dawo, ya zauna jarabawa, ya fi kowa. Ya gama karatunsa, yanzu yana koyarwa a ofishin da ke kusa da nawa, kamar yadda na tsara. Ni kuma ban tafi ko'ina ba, ina nan ina cewa bana ce ta ƙarshe.

Wani lokaci in hanya ta bi da ni Jekadafari nakan hango tsohon zai tafi masallaci. Har yau ɗaga ƙafar yake yi, hannayensa a manne da jikinsa. In na hango shi sai in ce wa mai keken ya bi ta wani lungun.