Ban Yafe Ba

Jikokina suna yi mini tsiya wai duk ƙasar Haɗeja babu mace mai riƙo kamata, tunda na hana kakansu yafiya damina guda har kaka. Gaskiya ne, na hana. Da za a mayar da ni wancan lokaci ma, wallahi sai na ƙara hanawa.

Zamanin Turawa ne, ina goyon fari, muna zaune a wani ƙauye na bakin kogi tsakanin Haɗeja da Guri. Maigidana masunci ne. Ya kwanta rub-da-ciki a kan gora, koma a hannu, ya bi ruwa yana waƙa da muryarsa mara daɗi, ni kuma in yi bandar abin da ya kamo. Ba mu da yawa, amma tukunyarmu ba ta kwana da yunwa. Ga shi da surutu kamar me. Har kaji yake yi wa hira.

Sai mutum ya yi shiru. Ba rasuwa aka yi mana ba, ba asara ba. Ruwa ya kawo, kifi ya yi arha, shi kuwa yana bayan ɗaki a zaune ya zuba wa ƙasa ido. In kai tuwo, in dawo in ɗauke shi yadda na ajiye. In na ce, "Malam, me ke damun ka?" sai ya ce, "Ba komai. Nauyi kawai nake ji." Iya, mahaifiyarsa, ta karɓo rubutu, ta yi hayaƙi, har Haɗeja ta aika aka sayo ƙwayar zazzaɓi, alhali jikinsa ko ɗumi babu.

Yanzu jikata mai aikin asibiti ta ce mini ciwon damuwa ake kiran sa, har magani gare shi, kuma ba laifin mai shi ba ne. A lokacinmu ina! Wasu suka ce aljanun ruwa ne, wasu suka ce sammu, suna faɗa suna kallo na ta gefen ido. Kalma ɗaya ce kowa ke kewaye wa: hauka. In aka furta ta, sai turu, wato gungumen icen da ake ɗaure ƙafar mutum a ciki. Daga nan kuma ba mai neman aure a gidanku, har jikoki.

Wata safiya sai ga shi ya tashi garau. Ya yi wanka, ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya ɗauki gora da koma ya kai wa amininsa kyauta. Sannan ya shiga gari gida-gida, ya durƙusa ya ce, "Ku yafe mini abin da na yi muku, wanda na sani da wanda ban sani ba."

To, a wancan zamani da ƙafa ake zuwa Makka, ta Borno, a yi shekaru a hanya, wani ya dawo wani bai dawo ba. Duk wanda ya yi niyya haka yake zagaya gari neman yafiya. Nan da nan ƙauye ya ɗauka: ashe begen Makka ne ya hana bawan Allah ci da sha! Mata suka fara aiko da guzuri, wannan garin gero, wannan ƙuliƙuli. Samari har sun soma kiran sa Alhaji. Iya ta yi ta hamdala. Ni ma na yi murna, don na ga mijina a tsaye da ƙafafunsa.

Ni ya bari ƙarshe. Da la'asar ina juya tarwaɗa a kan wuta ya zo ya tsuguna kusa da ni.

"Ke ma ki yafe mini."

Na ce, "To, Alhaji, wane ayari za ka bi? Da wa za ku tafi?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ni da yarinyar nan fa, a nan za ka bar mu?"

Sai na dubi ƙafarsa. Babu takalmi, shi ma ya bayar. Wane ne zai nufi Borno ya kyautar da takalminsa? Bai dube ni ba ya ce, "Nauyi zan sauke muku. Kun fi hutawa in ba ni."

Na gane ba Makka za shi ba, kuma inda za shi ba a dawowa. Tsoro ya kama ni, haushi ya biyo baya, ni kuwa in haushi ya zo bakina ba ya jiran shawara.

"Ban yafe ba."

Ya ɗago kai, karo na farko cikin watanni ya dube ni ido cikin ido. "Me na yi miki?"

"Ni na san abin da ka yi mini. Ban yafe ba. Duk inda za ka, da haƙƙina a wuyanka za ka tafi."

Bai yi mini komai ba, ko harara. Amma na san mijina da tsoron haƙƙi. Mutumin da in kifi ya kuɓuce daga malin wani, wato tarkon kifinsa, ya faɗo komarsa sai ya bi mai shi har gida ya mayar. Daga inda yake tsugune ya ce, "Sai yaushe?"

"Ka sake tambaya ta gobe."

Ban tsaya a nan ba, don na san bakina kaɗai ba zai riƙe rai ba. Na gaya wa Iya, ta zauna daɓas a ƙasa tana salati. Na kira amininsa na gaya masa. Muka yi shawara ba za a ƙara barin sa shi kaɗai ba. Aminin ya riƙa kwaso komar da ta yage ya zube masa a gaba, wai shi bai iya ɗinki ba, su wuni a inuwa, ɗaya na zuba ɗaya na shiru.

Yayansa ya ji ƙishin-ƙishin, ya zo da maganar turu, wai a rufa wa gida asiri. Na ce, "Yaya, da girmanka, amma ƙafata za a fara sawa." Iya ta ce, "Sannan tawa." Bai sake tayar da zancen ba.

Gari kuwa ya samu abin taunawa: matarsa ta hana shi Makka. A bakin rijiya in yi sallama a amsa da hanci. Wata ta aiko a mayar mata da ƙuliƙulinta, na mayar har da kwanon. Bai dame ni ba. Gara a ce ni ce mai baƙar zuciya da a ce shi mahaukaci ne.

Liman da kansa ya zo yi mini nasiha a kan falalar yafiya. Na bari ya gama, na matso na faɗa masa gaskiya. Tsohon ya ja carbinsa ya ce, "'Yata, ci gaba da riƙonki." Daga ranar kullum bayan la'asar sai ya biyo ya zauna da maigidana, ba wa'azi, sai labarin tsofaffin masunta da ƙaryarsu.

Kowace safiya Malam zai tsaya a bakin madafa ya ce, "Yau fa?" In ce, "Ban yafe ba. Gobe." Wata rana ya ci loma biyu, wata rana ya koma bayan ɗaki. Ba rana ɗaya abin ya tafi ba, kuma a shekarun da muka yi tare bayan nan yakan leƙo, sai dai ya tarar mun san shi.

Ruwa ya ja, aka fara yankan shinkafa a fadama. Wata safiya na shanya kifi na manta ban rufe ba, na tafi ɗebo ruwa. Kafin in dawo shirwa ta yi ɓarna. Sai ga Malam ya fito yana faɗa, murya har maƙwabta:

"Ke wace irin mace ce? Kifin da mutum ya sha wahala ya kamo ki bar wa tsuntsaye! Ina murfin yake?"

Na ce, "Wa ya kamo? Kai?"

Ya ce, "To gobe ni zan kamo, in ga wanda za ki bar wa!"

Muka yi ta cacar baki, Iya na daga ɗaki tana dariya har da tari. Sai da rana ta take, ina tuƙa tuwo, na tuna yau bai ce mini "Yau fa?" ba. Na ajiye muciya, na zagaya bayan rumbu na yi kukana na ƙoshi, na wanke fuska na kai masa abinci. Ya cinye, ya ce miyar ta yi gishiri. Ban tuna masa da zancen yafiya ba.