Tsibirin Ango da Hanyar Zakka

Har yau in na ga hoton teku a wayar wani, sai raina ya ɓaci. Teku bai yi mini komai ba. Wani ɗan tsibiri ne a tsakiyarsa, wanda ko sunansa bakina bai iya faɗa ba, ya shiga tsakanin mahaifiyata da jikar da ta goya.

Yarinyar ɗiyar yayana ce. Uwarta ta rasu ta bar ta jaririya, Inna ta ɗauke ta zuwa ƙauyenmu Zakka, ta raine ta da kunu da nonon akuya. Sai da ta isa shiga sakandare Yaya ya dawo da ita wurinsa a Batsari. Da aka sa ranar aurenta, Inna ba ta nemi zane ba, ba ta nemi goro ba. Abu ɗaya ta roƙa: ita za ta kama hannun yarinyar ta kai ta gaban uwar miji. A wurinmu haka ake yi, wadda ta ci kashin yarinya ita ke miƙa ta.

Matsalar ita ce Inna ba ta kwana a waje. Tun da shanyewar jiki ta kwantar da Baba, ita ke juya shi, ita ke ba shi abinci, kuma ba ya karɓa daga hannun kowa. Hanya kuwa kowa ya san yadda ta koma saboda 'yan bindiga. Masu babur ba sa fitowa sai rana ta ɗaga, sai sun haɗa ayari, kuma dole su juya tun da sauran haske. Yaya ya ce amarya da lalle a ƙafa ba za ta bi wannan hanya ba, ni ma ban ga laifinsa ba. Sai muka tsara a ɗaura aure da safe, Inna ta iso da azahar, a kai amarya gidan iyayen ango nan cikin gari da rana tsaka, tsohuwa ta koma wurin mijinta.

Ana nan sai ga ango ya zo gaishe ni. Ɗan Batsari ne, aiki ya kai shi Abuja. In faɗi gaskiya yaron yana da ladabi, har ƙasa yake durƙusawa. Bayan an gama gaisuwa ya ciro waya yana murmushi.

"Gwaggo, zo ki ga inda zan kai ɗiyarki hutu."

Na karɓa na duba. Ikon Allah! Ɗakuna ne jere a kan ruwa, an kafa su bisa sanduna kamar rumbu. Ya ce ƙasan ɗakin gilashi ne, kana kwance kana kallon kifi. Ya ce tsibirin ƙarami ne, babu mota, babu babur, wani ɗan jirgin sama ne mai sauka a kan ruwa zai kai su. Ya zaɓi ɗakin da ke kallon faɗuwar rana. Ya sa an tabbatar masa naman wurin yankan Musulmi ne. Ya tambayi alƙibla. Ya gaya wa masu wurin amarya ba ta son yaji sosai. Har irin matashin da za ta ɗora kai an tambaye shi, mai laushi ko mai tauri, ya zauna ya yi tunani ya ba da amsa.

"Ka yi ƙoƙari," na ce. "Allah ya yi albarka. Sai bayan sati ke nan?"

"A'a, Gwaggo. Ranar ɗaurin aure. Ana shafa fatiha za mu kama hanyar Kano, jirginmu a ranar zai tashi. Tun watannin baya na kama ɗakin. Kin san ba a fafe gora ranar tafiya."

Wallahi sai na ji kaina ya yi dum. Ni yake kawo wa karin magana!

"To batun kai amarya fa? Inna fa?"

Ya yi tsuru-tsuru. Na rantse da Allah bai taɓa tunawa ba. Mutumin da ya tuna da matashi ya manta da tsohuwar da ta yi masa matar. Da ya farfaɗo sai ya ce ai ba komai, in sun isa za su kira ta a waya ta gan su, ta sa musu albarka daga can.

"A waya? Kai, ka ji tsoron Allah! A waya ta goya ta? Ka san a Zakka sai an fita bayan gari an ɗaga waya sama kafin a ji muryar mutum? Tsibirin gudu zai yi in kun ƙara kwana ɗaya? Ko kifin ne ke da alƙawari da wani?"

Na wanke shi tas, ban rage komai ba. Ya ce in aka ɗaga ranar, ɗakin ya tafi ke nan, akwai masu jira. Na ce su jira, su ma ai suna da iyaye.

Na tafi wurin Yaya ina huci. Shi kuma, kamar kullum, ya ce in bi a hankali, zamani ne ya zo da haka, kada a ce dangin amarya sun cika fitina. Na ce in wannan ce fitina, to a rubuta sunana a sama. Na juya kan yarinyar. Na same ta a ɗaki tana gwada wata hula mai faɗi kamar faifai, wai ta kare rana ce a bakin teku.

"Ke ma kin yarda?"

Idonta ya kawo ruwa. "Gwaggo, ina son Inna ta kai ni. Amma ban taɓa ganin ruwan da ya wuce dam ba. Kuma ya sha wahala a kan tafiyar nan. Yaya zan yi?"

Na ji tausayinta, na kuma ji haushinta, duka a lokaci ɗaya. Yarinyar da ta tashi tana jin harbi daga daji, in an ce mata ga wurin da babu abin da ke tashin mutum sai ƙarar ruwa, dole ranta ya biya. Amma baki gare ta, da ta buɗe shi da an saurara.

Da ƙyar da jiɓin goshi na samu alƙawari. Ango ya ce za su jira har azahar, Inna na isowa a yi a gama, su wuce. Ya faɗa a gaban Yaya. Ban aika wa Inna labarin rigimar ba, na ce kawai ta yi sammako gwargwadon yadda hanya ta bari.

Ranar ta zo. Aka ɗaura aure lafiya. Ina bayan gida wurin tukwane muna kwashe tuwo, sai na lura tsakar gida ta yi shiru. Na fito da mara a hannu, na tarar motar ango da amarya ta riga ta ɗaga. Wai matar da ke shirya musu tafiyar ce ta bugo daga Legas, ta ce hanyar Kano ba ta da tabbas, in suka makara ba ruwanta. Maganar wata da ba ta taɓa taka Batsari ba ta fi alƙawarin da aka yi a gaban uban amarya. Kuma babu wanda ya kira ni, don sun san zan kwanta a gaban motar. Na tsaya a tsakar gida na faɗi abin da ke bakina, har wata maƙwabciya ta ce in tuna ranar farin ciki ce. Na ce farin cikin wa?

Ana kiran azahar Inna ta iso. Ta sauko daga babur, ta sha sabon zanenta. Ta dubi fuskata, ta dubi ta Yaya. Ni na faɗa mata. Na zaci za ta yi kuka ko ta yi faɗa, har ina fatan ta yi, in samu mai taya ni. Ta nemi ruwa ta yi alwala, ta yi salla. Da ta sallame ta ce:

"Ku tashi ku kai ni gidan."

"Inna, wane gida? Ba ta nan fa."

"Na ji. Ku kai ni."

Haka muka fita, mu mata, babu guɗa, babu waƙa, mutane suna leƙowa daga ƙofofi. Uwar ango ta tare mu tana ta ba da haƙuri, ita ma ashe sai da suka shiga mota aka gaya mata. Ta shimfiɗa tabarma. Inna ta zauna a gefe guda, ta bar wurin da amarya ke durƙusawa. Aka gaisa, aka tambayi mai jiki, aka tambayi hanya. Sannan ta gyara murya.

"Hajiya, ga amana na kawo miki. Marainiya ce. Ba ta da baki, in abu ya dame ta ba za ta faɗa ba, sai dai ki ga ta daina cin abinci. In kin ga haka, ki jawo ta jikinki."

Ta miƙa hannu gefenta, ta lalubi tabarma, ta mayar da shi cinyarta. Uwar ango ta rufe fuska da mayafi.

Daga waje mai babur ya yi sallama, ya ce 'yan ayari sun fara taruwa.