Sunana a Tagar Hadiza

Jama'a, wallahi abin nan ni ya faru da ni, ba ji na yi ba. Shekarun fari da yunwa ne, ina aikin kwamfuta a ofishin wata ƙungiya da ke rabon gero tsakanin Isa da Sabon Birni. Shekara huɗu ni ke fitar da jerin sunaye, sai aka kawo wata Hadiza daga Sakkwato.

Matsalarmu ita ce kowane magidanci ƙauye biyu gare shi, wanda ya baro da wanda yunwa ta kai shi, teburin ƙauyuka kuwa, wato jerinsu a cikin kwamfuta, ɗaya ne. Ni da hannu nake gyarawa, kwana uku ina fama. Yarinyar nan kafin azahar ta haɗa teburin mutane da na mamata, ta jawo na ƙauyuka sau biyu, ɗaya na asali ɗaya na mazauni, duka suka fito a shafi guda. Taga take kiran abin, wai ba ya ajiye komai, leƙen teburorin kawai yake. Oga ya dinga yabonta a gabana, ni kuwa har tuwo ya daina yi mini daɗi. Hassada ce, ba sai an gaya mini ba.

Ranar da ta tafi ƙauyen Turba na buɗe tagar na musanya haɗin biyun nan, kowa ya koma ƙauyen da ya baro. Nufina a kai gero inda ba kowa, ta sha kunya.

Bayan kwana biyu, rana tsaka, ni kaɗai a ofis, sai ga wani tsoho tsaye a kaina, ban ji sallama ba. Ya ce, "Yaro, mi munka yi maka? Mun baro Gangara tun da rijiya ta ƙahe. Ɗiyana na Turba, ka kai hatsinsu kango." Na tambayi sunansa, ya ce Bawa Makeri. Na duƙa na duba, na gan shi a teburin mamata, wata biyar da rasuwa. Ina ɗagowa ba kowa.

Nan take na mayar da komai daidai, na je na faɗa wa oga gaskiya, mota ta koma ta kwaso buhunan. Iyalan nan kwana huɗu suka yi suna jira saboda ni.

Amma tun ranar wani layi ya ƙaru a ƙasan tagar. Sunana ne, asali Isa, wurin mazauni babu komai. Hadiza ta bi teburorin ɗaya bayan ɗaya, ba ni a ko ɗaya. Ta goge tagar ta gina sabuwa, ya sake fitowa.

Ku da ke riƙe da sunayen mutane, ku ji tsoron Allah, kada haushin abokin aiki ya sa ku taɓa abincin wani. Ni dai daga lokacin gari bakwai na zauna, har yau ban samu inda na yi damina biyu ba.