Duron da Ya Ci Mani 'Ya'ya Biyu

Jama'a, kun daɗe ba ku ji ni ba. Jiya na ga hoton wata mai ciki tana ɗibar ruwa a duron maganin feshi, sai tsohon ciwo ya taso mani.

Zamanin da kuɗin mai ke ta zuba, muna Ƙofar Guga. Maigidana, Malam, yana aikin gona na gwamnati, su ke raba maganin feshin auduga. In duro ya ƙare, ma'aikata har faɗa suke a kai. Ranar da ya samo namu, maƙwabta sai da suka zo barka!

Aka wanke shi da omo, ya zama na tara ruwan famfo. Surukata Inna ta kafa doka: kowa ya sha na rijiya, na duro na mai ciki ne. Gata aka yi mani.

Ruwan yana da ɗan wari. Na faɗa, aka ce iyayin masu ciki ne.

Cikin fari ya zube. Na biyu na haife shi bakwaini, bai kwana ba. Unguwa ta sa mani suna mai wabi. An yi rubutu, an yi turare, ni kuwa da ruwan duron nake haɗiye kowane magani.

A na uku sai ciwon kai, amai, yawu kamar an buɗe famfo, hannu na rawa. Wata safiya na ga jini.

A asibiti aka ɗebi jini da fitsari, aka ɗaura mani ƙarin ruwa. Gado kyauta, magani kyauta. Kullum nas ta kafa ƙahon awo a cikina don jin bugun zuciyar ɗan, ni kuma in kafe fuskarta da ido, ina tsoron ta girgiza kai.

Likita ya ce, "Mabiya, wato uwar tafiya, ita ke ciyar da ɗa a ciki, taki ta fara saki. Me kike ci? Ina kuke ajiye ruwa?"

Da Malam ya ambaci duron, likita ya aje biro.

"Ba zan rantse shi kaɗai ne ba. Amma guba ce, wanki ba ya fitar da ita, kuma mabiya ba ta tare ta."

Inna ta ce, "Wayyo ni! Da hannuna nake ɗebo mata."

Ban taɓa jin haushin Inna ba. Haushina yana kan waɗanda suka jibge mana dururuka, gargaɗin da Turanci, babu wanda ya ɗauki lasifika ya zagaya gari. Akwai kuɗin biki, babu na wannan. Wallahi har yau ban huce ba.

Na yi watanni a kwance. Aka yi mani aiki, aka ciro Bilki, 'yar mitsitsiya, amma da kukanta. Yau ita ma uwa ce. Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa likitan nan, ya jiƙan Malam da Inna.

Mai ciki, kada ki sha, kada ki dafa da ruwan mazubin da ya taɓa ɗaukar magani. Kin ga jini, asibiti, ba jira. Ki faɗa masu komai.

Kuma dan Allah, in za ku yar da irin wannan duro, ku huda shi. Malam a ƙofar gida ya aje namu, lafiyayye, kafin la'asar an ɗauke. Har yau ban san matar da ta sha ba.