Masu Barka a Kan Layi

Shekarar da aka haifa mini ɗan fari muna zaune a garin Clinton kusa da Washington, a ƙasan wani gida da wata Hajiya 'yar Kumasi ta ba mu haya. Ina tuƙin tasi a cikin Washington, ranar Asabar kuma ina biya wa yaran unguwa karatu. Ranar da maiɗakina ta dawo daga asibiti da jariri, ranar ce ƙanena ya bugo daga gida ya ce an kwantar da Baba, kuma likita ya ja shi ƙanen nawa gefe ya yi masa magana.

"Yana cikin hayyacinsa?" na tambaya.

"Yana ciki, Yaya, amma ba kullum ba. Magana ɗaya yake ta maimaitawa, wai a nuna masa yaron."

Aika hoto ta gidan waya zai ci makonni, mu kuwa ba mu da tabbacin gobe. Ƙanena ya ce akwai shagon intanet kusa da asibitin, in na turo ta imel za a buga masa a takarda. Sai dai mai shagon yana kashe janareto da magariba. Magaribarsu kuwa azahar ɗinmu ce.

Wani abokina mutumin Nijar da ke aikin jarida ya ɗauki hoton, ya sa mini a faifai. Don kirki ya yi shi da girma sosai, wai don Baba ya ga har gashin gira. Washegari da na dawo daga sallar asuba na ajiye makullin mota, na zauna gaban tsohuwar kwamfutar da na saya a gwanjo.

Wanda bai riski zamanin nan ba sai an yi masa bayani. Layin tarho ɗaya ne a gidan, shi muke magana da shi, shi kuma kwamfuta ke bi ta shiga intanet, ta hanyar wata 'yar na'ura da ake kira modam. In ta buga lamba sai ta yi ta ƙara, tsuwa da gurnani a haɗe, kamar ana jan ƙarfe a kan siminti, sannan ta yi tsit. Wannan tsit ɗin shi ne an shiga.

Na yi bismilla, na shiga, na maƙala hoton, na danna. Wani ɗan layi shuɗi ya fara rarrafe daga hagu. Bai je ko'ina ba sai ƙat, ta yanke. Kafin in taɓa komai tarho ya ɗauki ruri. Limaminmu ne.

"Malam, ashe an samu ƙaruwa! Allah ya raya, Allah ya sa mahaddaci ne. Ya mai jego? Ya ruwan zafi?"

Na amsa yadda ya kamata, don ba a katse liman. Muka gama, na sake bugawa. Layin ya yi rarrafe, ya yanke. Tarho ya sake ruri, wannan karon direbobin filin jirgi ne daga garin Sterling, suna miƙa wa juna kan wayar, kowa da barkarsa da tsokanarsa. Ɗaya ya ce ai yanzu na zama dattijo, sai in daina gudu a kan babbar hanya.

Ni a lokacin har godiya nake a raina, ina cewa Allah ya sa kiran mutane yana dacewa da sa'ar da na'urar ta yanke, ba wanda ya tarar da layi a rufe. Laifin duk na ɗora wa waya. Na zare igiyar daga bango na hura ramin, na mayar. Na ciro igiyar tarhon kicin na musanya. Na kashe kwamfutar na kunna. Na ja teburin daga jikin hita mai ɗumama ɗaki ko zafi ne ya dame ta. Na durƙusa ina bin igiyar da yatsa a gindin bango ko ɓera ya taɓa, gwiwata duk ƙura. Duk sanda na gwada, layin nan shuɗi sai ya yi tafiya kaɗan ya mutu, kuma ba ya ci gaba daga inda ya tsaya, sai dai a koma farko.

Hajiya ta sauko da kwanon kunu na mai jego, ta tarar da ni a ƙarƙashin tebur.

"Ɗana, mai haihuwa na can, kai kana nan kana jinyar akwati?"

"Hajiya, Baba ne. Hoton nake so ya tafi."

Ta daina dariya. Ta ce ko na'urar ta gaji ne a bar ta ta huta. Na ce ba ni da lokacin hutunta.

Hantsi ya ɗaga. Ƙanena ya bugo da wayar hannu ta aro, muryarsa na zuwa tana ɗaukewa.

"Yaya, ina shagon tun ɗazu. Ba abin da ya shigo."

"Baba fa?"

"Ya farka ya tambaya, na ce yana hanya. Ya ce hanyar Amurka ce, ai da nisa."

Na ajiye wayar. Fuskar yaron na kan gilashin kwamfutar. A gidanmu mutum ba ya ƙura wa ɗan fari ido a gaban jama'a, ni kuwa tun safe shi nake kallo, ga shi a gabana ƙuru-ƙuru, na kasa tsallakar da shi.

Daga ƙarshe na nemo lambar kamfanin intanet ɗin. Bayan dogon jira da kiɗa a kunne wata mata ta ɗauka. Tana lissafa abin da zan gwada, ina rubutawa da ajami a bayan kwalin shayi, don da shi hannuna ya fi sauri. Matsalar ita ce ba zan iya gwadawa tana kan layi ba, tunda layin ɗaya ne. Muna cikin magana sai ga ɗan sautin nan, ƙit-ƙit, na alamar wani yana kira. Na share. Ya sake. Ya kuma sake, har yana cinye mata kalmomi.

"Kiran gaggawa ne?" ta tambaya da Turanci. "Kana so ka ɗauka?"

Na ce a'a, haihuwa aka yi mana, mutanenmu ne ke yin barka.

"Duk waɗannan?"

Na ce ai ba a ma fara ba, mutanen New York ba su ji ba tukuna.

Ta yi mini murna, sannan ta ce to ga ciwon nan. Wannan ƙit-ƙit ɗin da mutum ke ji ya wuce, modam ba ta jure shi, da ta ji sai ta saki layin. Ashe ba dacewa kiran ke yi da yankewar ba, shi ke yanke ta. Maganin kuwa 'yan alamomi ne da zan sa a gaban lambar da na'urar ke bugawa, tauraro da bakwai da sifiri da waƙafi. In na sa, duk mai kira zai ji layi a cike har in gama.

Na faɗa wa maiɗakina. Ta ɗago daga kan gado.

"Malam, mutane su kira barka su ji an toshe? Me za a ce da mu?"

"Su ce abin da za su ce."

"In daga gida ne fa?"

Wannan ita ce tambayar da nake gudu. In wani abu ya faru da Baba a tsakanin nan, ƙanena zai yi ta bugawa yana jin layi a cike. Hajiya ce ta raba gardamar. Ta ce in rufe, duk wanda ya yi ƙorafi a turo mata shi.

Na sa alamomin, na buga. Na'urar ta yi gurnaninta ta yi tsit. Tun da aka haifi yaron gidan bai taɓa yin shiru irin na wannan lokaci ba, kuma shirun ya fi ƙarar tsorata ni. Na ɗauko carbi. Layin ya wuce inda ya saba mutuwa. Ya kai rabi ya tsaya cak, har na miƙe tsaye, sannan ya motsa. Ban san adadin salatin da na yi ba. Rana ta kusa tsakiya sa'ad da rubutu ya fito cewa saƙo ya tafi.

Na saki layin. Kira ya yi ta shigowa, kowanne na ɗauka da faɗuwar gaba, kowanne barka. Na yi azahar, na yi la'asar, sannan na ji muryar ƙanena.

Ya ce hoton ya iso ana gab da kiran magariba, amma layin shagon ya fi nawa rauni. Hoton ya riƙa sauka daga sama a hankali, hula, goshi, idanu, ya zo kan hanci ya ƙi gaba. Man janareto ya kusa ƙarewa, mai shagon ya ce ko a buga abin da ya samu ko a dawo gobe. Ƙanena ya ce a buga. Daga hanci zuwa ƙasa toka-toka ne kawai.

Ya tarar da Baba a farke. Aka tallafo shi, aka sa masa tabarau. Ya daɗe yana dubawa.

"Ina bakin?"

"Bai iso ba, Baba."

"Gara haka," in ji shi. "Da yanzu ya fara yi mini rashin kunya."

Sai ya kawo takardar kusa da fuskarsa, ya karanta abin da ya karanta a hankali, ya tofa a goshin yaron, ya shafa da babban yatsa har tawadar ta ɗan baje. Ƙanena ya ce bai yarda an karɓe ta daga hannunsa ba, a kan ƙirjinsa ya yi barci da ita.

Allah ya karɓi ran Baba kafin ranar suna. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa.