Malam Bawa Kauce, Mai Hoton Ruwa da Girgije

Duk wanda ya san Malam Bawa a Yelwa ya san ba a gama gaisawa da shi lafiya. Kana tsakar tambayarsa ya iyali, sai ka ga ya rufe ido ɗaya, ya karkata kai, yana leƙen wani abu ta bayan kafaɗarka. Kafin ka waiga sai ka ji, "Kauce!" Babu don Allah, babu gafara dai. Liman ya sha ta, ɗan sanda ya sha ta, surukinsa ma bai tsira ba. In ka kauce ka duba, ba komai ba ne, girgije ne ya yi wata irin tsayuwa bisa giginya. Daga nan sunan ya bi shi, har yaran unguwa suka ɗauka Kauce sunan mahaifinsa ne.

Ni ce Asabe, taubashiyarsa. Innarsa da babana ciki ɗaya suka fito, ya girme ni da kaɗan, kuma tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba a yi tsiya ba. Saboda haka kada kowa ya ce na ci naman mamaci. Duk abin da zan faɗa na riga na faɗa masa a gaban idonsa, ya kuma rama da abin da ya fi shi.

Malamin gona ne shi. Da ya ajiye aiki, sa'o'insa suka kama kiwon kaji ko zaman majalisa, shi kuwa ya sayo tsohuwar kyamara da sandar nan mai ƙafa uku, wadda ƙafarta ɗaya ta karye ya ɗaure da roba har ya bar duniya. Ba sana'a ya ɗauke ta ba. Ya hau tsohon babur ɗinsa ya bi bakin kogin Kwara, yau yana fadamar Shanga, gobe yana ƙasar Ngaski, jibi ka ji an gan shi a bakin tafkin Kainji tsugune kamar mai jiran jirgi. Ruwa yake ɗauka, da tsibiri, da gonar albasa, da kwale-kwale in babu kowa a ciki. Mutum dai ba ya shiga hotonsa.

Na taɓa ce masa, "Wai kai mi mutane suka yi maka?"

Ya ce, "Asabe, mutum da ya ga kyamara sai ya aro fuskar da ba tashi ba. Kin taɓa ganin bishiyar kuka ta ce tsaya in gyara kallabi?"

To ni, da yake ba na jin magana, da bikin ɗiyata Rabi ya zo sai na ce ga mai kyamara a gida, me zai sa in nemo bare? Na same shi na ce, "Bawa, ranar kai amarya kai ne mai hoto." Ya ce to. Wallahi ya zo da wuri, ya sha babbar riga, ya yi ta zagaye gida yana tsugunawa yana miƙewa. Hankalina ya kwanta. Da aka wanko hotuna muka taru da ƙawayena a ɗaki, muka buɗe. Na farko, hadari ne ya haɗu a gabas. Na biyu, hadarin ne dai, ya ɗan matso. Na uku, bishiyar dogon yaron ƙofar gidanmu. Muka yi ta juyawa har muka kai wani da aka ga gefen lulluɓin amarya daga can ƙasa, kamar an manta da shi.

Na saka mayafi na tafi gidansa a fusace. Na ce, "Bawa, ina ɗiyata?"

Ya karɓi hoton ya duba da kyau, ya ɗora yatsa a kusurwa. "Ga ta nan."

"Wannan ai gefen gyale ne!"

Ya ce, "Haba Asabe. Rabi unguwar can aka kai ta, duk ranar da kika so sai ki hau kabu-kabu ki gano ta. Wanga hadari kuwa, in kin isa ki sake tara mini shi."

Dariya ta ƙwace mini. Har yau a falon Rabi hoton hadarin nan ne a rataye, in baƙi suka tambaya sai ta ce hoton bikinta ne.

Rigima ta gaske ta soma ne da ɗansa Nasiru ya kawo masa kwamfuta daga Birnin Kebbi, wai ya koya masa gyaran hoto. Ina gidan ranar. Suka buɗe wani hoton faɗuwar rana da ya ɗauka a bakin tafki. Nasiru ya ce, "Baba, dubi nan. In na ja wannan, jan zai ƙaru." Ya ja, sai ga sama ta yi jajir kamar an zuba mata manja.

Bawa ya dubi hoton, ya dubi ɗansa. "Nasiru."

"Na'am Baba."

"Kai ka faɗar da ranar?"

"A'a."

"To mayar wa Mai ita da abinshi yadda Ya yi."

Nasiru bai haƙura ba. Ya ce ai kowa haka yake yi yanzu, kuma shi ma Baban ai yana yanke gefen hoto in ya ga abin da bai yi masa ba. Nan Bawa ya gyara zama kamar mai shirin tafsiri. Ya ce yankewa zaɓi ne, ko ido ma yana yi, ba wanda ke kallon duniya duka a lokaci guda. In hoto ya karkace a miƙar da shi, don ruwa ba ya kwanciya a gicciye. In ya yi duhu a ɗan buɗe shi, daidai yadda ido ya gani. Amma a sa abin da babu, ko a goge abin da yake tsakiya, wannan shaidar zur ce.

Na ce, "To jama'a, malam ya ba da fatawa."

Ya ce, "Ke kuma in da ana rage ƙarar mutum da wanga abu, da tuni na sa an ja miki."

Fatawar nan ita ta jefa shi a laka. Wata rana zan je Wara sayen busasshen kifi, muka haɗu da shi a can, ya ce in zo in ga wani wuri kafin in koma. Muka gangara bakin ruwa da la'asar. Gaskiya wurin ya yi kyau, tafki ya kwanta lumui, ga zalɓe tsaye a kan wani kututture. Ya kafa sandarsa, ya leƙa, sai na ji ya yi tsaki. Wata baƙar leda ce ta maƙale a ciyawa, tsakiyar abin da zai ɗauka.

Na ce, "Ba Nasiru ya ce da yatsa ɗaya ake goge irin wannan ba?"

Ya ce, "In na goge ta cikin hoto, gobe saniyar wani ta haɗiye ta cikin gaskiya."

Ya naɗe wando, ya tattare riga, ya shiga ruwa. Masunta da ke gyaran koma suka bar aiki suka tsaya kallo. Ɗaya ya ɗaga murya ya ce, "Baba, akwai santsi nan wurin!" Bai rufe baki ba sai muka ji tinjim! Dattijo ya zauna daɓas, zalɓe ya tashi, ni kuwa na yi salati na kuma kasa riƙe dariya. Ya miƙe, laka har kunne, amma ga leda a hannunsa ya ɗaga ta sama kamar wanda ya kamo giwan ruwa. Ya fito yana ɗiga, ya goge hannu a gefen mayafina ba tare da ya tambaye ni ba, ya leƙa kyamara ya danna.

Da aka wanko hoton, babu leda kam. Amma ga hularsa can tsakiyar ruwa tana tafiyarta.

Na ce, "To ita wannan fa, za a goge ta?"

Ya ce, "A'a. Tana wurin sa'ad da na ɗauka."

Wadda ta fi kowa haƙuri da shi ita ce matarsa, Hajiya Kulu. Allah Ya jiƙan Kulu. Mace ce mai kauri da fara'a, bakinta kuma bai mutu ba. In ya dawo yana nuna mata hotuna sai ta ce, "Ni dai da na sani da giginya na zo duniya, da yanzu na cika bangon ɗakin nan." Shi kuma ya ce, "Ke kullum ina ganinki, mi zan yi da hotonki?" Haka suke, har tsufa.

Wata damina Kulu ta kwanta ciwo, ba ta daɗe ba Allah Ya karɓi abarSa. Bayan an watse daga zaman makoki, 'ya'ya suka ce suna son hoton Innarsu su ajiye. Aka bincike gida, ba a samu ba sai na katin zaɓe, wanda ta fito a ciki kamar an yi mata laifi. Gida cike da hoto, amma babu na matar gidan. Ni da bakina ba ya shiru, ranar sai na kama shi.

Bayan 'yan kwanaki ya aiko a kira ni da hantsi. Na tarar da shi da Nasiru a gaban kwamfuta. Ku da kuka shiga falonsa kun san hoton nan babba na fadamar Shanga, shinkafa ta nuna ta yi ruwan zinariya, gulbi a baya, balbelu sun tashi a jere. Shi ya fi so duk cikin hotunansa. Ya ce wa Nasiru ya nemo na asali, kafin a yanke gefensa. Da ya buɗe, sai ga Kulu can a gefen hagu, 'yar mitsitsiya, da kwano a ka, ta ɗaga hannu ɗaya.

Ya ce, "Abinci ta kawo mini gona. Na ce ta matsa, ta ce tuwo na hucewa, in ga dama in ci balbelun. Da na dawo gida na yanke ta."

Can ya ce, "Nasiru, yanke gulbin."

"Baba, gulbin?"

"Yanke. Da balbelun. Da shinkafar duka."

Nasiru ya yi ta matso da layi har ba abin da ya rage sai ita. Da ya ƙara girmanta, sai hoton ya dushe, fuskar ta zama kamar ana hangenta ta cikin ruwa. Nasiru ya ce a hankali, "Baba, akwai wani abu a nan da ke fito da fuska tas. In gwada?"

A nan ne kaɗai na taɓa ganin Bawa ya yi jinkiri a kan fatawarsa. Ya daɗe yana kallon hoton. Ya ce, "Gwada."

Nasiru ya danna. Sai ga wata mace ta fito, fata sumul, hanci kamar biro, gira a shirye, tana murmushin 'yan birni. Bawa ya matso da fuska, ya cire tabarau, ya mayar.

Ya ce, "Wagga kuma ɗiyar wa ce? Kai, mayar mini da matata kafin ta ji labari!"

Na fashe da dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, Nasiru ma ya kifa kai a tebur. Aka mayar da dusasshen, aka wanko shi, aka sa a firam. Wani baƙo ya taɓa ce masa, "Malam, ai wannan bai fito ba." Ya ce, "Kai ne bai fito maka ba."

Bai daɗe sosai bayanta ba. Ƙafa ta fara ba shi wahala, babur ya koma jingine a zaure, ya rage fita. Ranar da na je duba shi ta ƙarshe, yana kishingiɗe a tabarma, ya rame, amma idon nan nasa na nan. Rana ta yi sanyi, haske na shigowa ta ƙofa. Na zauna ina ba shi labarin tsadar kifi, sai na ga ya miƙa hannu ya jawo kyamara.

Na yunƙura zan tashi, don na ɗauka wani abu ya hango a tsakar gida. Ya ce, "Zauna nan inda kike. Ke nake so."

Na ce, "La'ilaha illallahu! Bawa, lafiya? To tsaya in gyara ɗaurina."

"Kar ki taɓa. Ci gaba da surutunki."

Ya ɗauka, ya juyo mini da kyamarar in gani. Ga ni nan, baki a buɗe, kallabi ya zame, furfura ta leƙo, duk wani layi na fuskata ya fito ɓaro-ɓaro. Na ce, "Wallahi ba ka isa ba! Sai Nasiru ya goge mini waɗannan tamojin."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ko ɗaya ba a taɓawa. Rabinsu ni na sa miki su, kuma na sha wuya kafin su fito."

Na ce Allah Ya isa, ya ce amin, muka yi sallama. A makon nan ya rasu, ranar Juma'a da safe, da kalmar shahada a bakinsa. Nasiru ya kawo mini hoton bayan addu'ar bakwai. Na so in ɓoye shi a ƙasan akwati, na kasa. Yana nan bisa gadona, kuma duk jikan da ya yi masa dariya sai ya sha rankwashi.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo gare Ka. Ya yi ta yawo yana kallon aikinKa, bai taɓa cewa Ka rage wani abu ba. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi. Ka haɗa shi da Kulu a gidan Aljanna, inda ƙoramu ke gudana. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.