Ƙafar Nafisa da Kitsen Inna

Bana shekara bakwai ke nan da aka kai Yaya Habibu makwancinsa. Ni ce ƙanwar da ke bi masa, kuma a hannuna 'yarsa Nafisa take, a nan Tarauni, tun da mahaifiyarta ta yi wani auren. Duk safiya idan na ga tana naɗe ƙafarta ta hagu da bandeji sai ya faɗo mini a rai, kuma raina ya ɓaci.

Da kumburin aka haife ta. 'Yan layinmu a Gyaɗi-Gyaɗi suka ce tundurmi ne, wasu suka ce uwar ce ta taka sammu tana da ciki. Yaya malamin kimiyyar jikin ɗan Adam ne a jami'a, kuma ba abin da ke tunzura shi kamar kalmar tundurmin nan. Ya ce tundurmi tsutsa ce da sauro ke sakawa, wannan kuwa daban ne. Ban da jijiyoyin jini, in ji shi, akwai wasu siraran hanyoyi da ke kwashe ruwan da ya tsattsafo cikin nama su mayar da shi jini, su ne ke bi ta kaluluwa. Na ƙafar Nafisa ba su gama tsirowa ba tun tana ciki, shi ya sa ruwan ke taruwa kamar unguwar da ba a yi wa kwalbati ba.

Saboda ita ya karkata karatunsa kacokan kan tambaya guda: me ƙwayoyin halittar da ke gina hanyoyin nan suke ci har su tofo? Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya shigo gidan mahaifiyarmu, Inna, baki har kunne. Ya ce masu bincike a ƙasashen waje sun gano ba sukari kaɗai ƙwayoyin ke ƙonawa ba, sun dogara sosai da kitse, kuma an gwada a jikin ɓeraye an ga alamar nasara.

Inna ba ta ji ƙwaya ba, ba ta ji ɓera ba. Kitse ta ji. Kashegari ta aika wurin mahauci, ta soye, ta tace a gwangwani, ta hau shafe ƙafar jikarta. A haka Yaya ya tarar da ita.

"Inna, ba fa wannan kitsen ba. Na cikin ƙwayar nake nufi, ido ba ya ganinsa."

"To ai wanda ido ke gani ya fi auki," ta ce. "Kai dai je ka ji da ɓerayenka."

Mun yi dariya har da hawaye. Amma ya ƙyale ta, don shi ma ba shi da abin da zai miƙa mata a madadin gwangwanin. Ɓerayen ma ba nasa ba ne, a takarda yake karanta labarinsu. Ɗakin bincikensa wuta ba ta zama, abin da ya adana a firiji yau gobe ya lalace. Duk da haka ya riƙa gaya wa yarinyar cewa kafin ta gama sakandare za a samo magani. Bai yi mata ƙarya da gangan ba, shi ma ya yarda da hakan har ciwon hanta ya ɗauke shi.

Bara Nafisa ta gama sakandaren. Ƙafar ta ƙara nauyi, fatar ta yi kauri, zazzaɓi kan kwantar da ita duk sanda ƙaramin rauni ya samu wurin. Mun je asibiti an dube ta daga nesa an ce tundurmi. Da Yaya zai leƙo yau, ban san me za mu nuna masa ba. Ina jin zai fara tambayar inda binciken ya kwana, kuma ni dai ban ji ya ƙaraso wata ƙafa a garin nan ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ya rage na sunansa. Inna ta rasu bayansa, amma kafin nan ta gaya wa duk wadda ta shigo gidanta maganar kitsen. Ran nan a wani gidan suna a Daurawa na ji wata mata tana ba wata shawara ta shafa wa mijinta kitse a ƙafa, wai wani Dakta Habibu ne ya gano. Na tashi zan gyara mata, Nafisa ta riƙe mini mayafi.

"Gwaggo, ƙyale su. Ko ba komai suna yi masa addu'a."

Allah ya ji ƙansa, addu'ar yana samu. Ilimin ne bai samu magaji ba.

A Adaidaita Sahu muna komawa gida na ce wa Nafisa ta yi haƙuri, bincike ba ya tsayawa, wata rana sai labari.

"Ni na daina jira, Gwaggo. Mu biya wurin mai takalmi, ki ce ya ƙara faɗin na hagu."